Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga masu gabatar da labarin wasanni a gidajen rediyon Hausa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku da abokan aiki, wannan takarda ta fito ne daga unguwar Bronx a birnin New York, inda nake tuƙa motar haya yau shekara 16. Ni tsohon mai sauraronku ne. Tun ina yaro a Zariya nake kwana da rediyo a gefen matashi, yanzu kuma ta intanet nake kama ku, wani lokaci ina zaune cikin mota ina jiran fasinja. Ban taɓa rubuto muku ba, ko da gaisuwar sallah. Ƙorafi ne ya kawo ni yau, amma irin na masoyi. Da waya zan buga, sai dai muryata a dishe take tun daren Lahadi, uwargida ma ta ce in huta da magana sai ta dawo.

Ranar Litinin 4 ga Fabrairun 2008 na saurari shirin wasanni har uku, na gida da na waje. Duk zancen wasan Ghana da Najeriya a gasar cin kofin Afirka ake yi, kuma ban ga laifinku ba, don ni ma mikin yana jikina. Da tsakar ranar Lahadi, agogon nan, muka kalli wasan a wani gidan abinci na mutanen Kumasi da ke kusa da mu. Hausawan Bronx da yawansu 'yan zangon Ghana ne, mu 'yan Najeriya ba mu kai su yawa ba. Da Yakubu Aiyegbeni ya ci fenareti muka miƙe mu huɗu muna zuba musu tsiya. Essien ya farke da ka gab da hutun rabin lokaci. Da aka ba John Mensah jan kati na ce shi ke nan, Allah ya kashe ya ba mu. Ashe ba haka aka rubuta ba. Mutum goma suka fi ƙarfin goma sha ɗaya, Muntari ya miƙa, Agogo ya zura, saura minti bakwai a tashi. Mai gidan abincin ya ƙara mini tsoka biyu a kan wake da shinkafa, wai na ta'aziyya. Na ci, don ba a fushi da abinci, amma ban ji ɗanɗanonsa ba.

To a wannan rana dai, bayan magariba, aka yi wani wasan a garin Glendale na jihar Arizona. Shi ne wasan ƙarshe na gasar zari-rugar Amurka, wanda suke kira Super Bowl, karo na 42. Mutum miliyan 97 da ɗoriya suka kalle shi a Amurka kaɗai. Cikin shirye-shiryen nan uku ɗaya ne ya taɓo shi, da jimla guda: New York Giants ta doke New England Patriots da ci 17 da 14. Daga nan aka koma kan makomar kocin Najeriya Berti Vogts. Ba ƙarya aka faɗa ba. Amma kamar mutum ne ya ga ambaliya ta tafi da gada, ya dawo gida ya ce an ɗan yi yayyafi.

Ku yi haƙuri in ba ku labarin yadda na gan shi, sannan in faɗi buƙatata.

Wasan ba shi da wuyar ganewa in an samu mai bayani da harshen da kake mafarki da shi. Mutum 11 ne kowane ɓangare, kamar tamaula. Tsawon fili yadi 100, yadin nan dai da tela ke auna shadda da shi, kuma a kowane ƙarshe akwai wani yanki da ni da ɗana muke kira zango. Mun ari harshen fatake ne, don ya fi dacewa. Ayarin da ke riƙe da ƙwallo yana da dama huɗu ya ci yadi 10, ko da gudu ko da jifa. In ya ci a sabunta masa huɗu, in ya kasa ƙwallo ta koma hannun abokan hamayya a daidai inda aka tsaya. Shi ya sa galibi in dama uku ta wuce ba a cika goman ba, sai a buga ta da ƙafa can nesa, a bar wa wancan ɓangare doguwar tafiya. Wanda ya shiga zango da ƙwallo ya ci maki 6, a ƙara 1 in an buga ta bi tsakanin turaku biyu da ke bayan zangon. In an matso kusa amma shiga ta gagara, a buga tsakanin turakun a ɗauki maki 3. Mutumin da ke karɓar ƙwallo a farkon kowace dama, ya duba fili ya raba ta, shi muke ce wa madugu. In ya faɗi ayari ya tsaya. Iyakar abin da kuke buƙata ke nan don ku bi sauran zancen.

Su Patriots ɗin nan ba a taɓa ganin irinsu ba. Wasa 16 aka yi a kakar 2007, suka cinye duka, abin da ba wanda ya yi tun da aka mai da wasannin 16 a 1978. Suka ƙara biyu a zagayen sili-ɗaya-ƙwale, 18 ke nan ba faɗuwa. Maki 589 suka tara a kakar, ba a taɓa tara haka ba kafin su. Madugunsu Tom Brady ya yi jifa 50 da suka kai zango, Randy Moss ya cafe 23 daga ciki, kowanne sabon tarihi. Kofi uku suka riga suka ajiye a gida, na 2002 da 2004 da 2005. Tun da aka fara Super Bowl ƙungiya ɗaya tak ta taɓa ɗaukar kofi ba a doke ta ko sau ɗaya ba, wato Miami Dolphins a kakar 1972, ita kuma wasa 17 ta yi. Su waɗannan 19 suke nema. A farkon kaka an kama su suna ɗaukar bidiyon alamun da masu horar da New York Jets ke yi wa 'yan wasansu, aka ci kocinsu Bill Belichick tarar dala 500,000, ƙungiyar kuma 250,000. Na zaci abin zai sanyaya musu gwiwa. Sai ya zame musu ƙaimi, suka shiga dukan mutane ba sani ba sabo.

Mu magoya bayan Giants kuwa, Allah sarki. A ranar 28 ga Oktoba, lokacin da Patriots ke yi wa Washington 52 da 7, Giants na filin Wembley a Landan cikin taɓo suna fama da Dolphins, ƙungiyar da ta gama kakar bana da nasara ɗaya tak, kuma da ƙyar muka sha da 13 da 10. Wasa biyun farko na kaka mun faɗi, aka zura mana maki 80. A gidanmu, wasa uku kawai muka ci cikin takwas. Madugunmu Eli Manning sau 20 yana jefa ƙwallo hannun abokan hamayya, huɗu daga ciki a yini ɗaya a Nuwamba, ranar da Minnesota ta yi mana 41 da 17. Ga shi ƙanin Peyton Manning ne, wanda ya ɗauki kofin bara, kuma duk wanda ya taɓa zama ƙanin gwani ya san wannan ciwo, komai ka yi sai a ce da wa ne da ba haka ba. Aikinmu na tuƙi aikin sauraro ne. Na ji masu bugo waya a rediyon garin nan suna neman a kori koci Tom Coughlin, na ji fasinjoji a bayan mota suna cewa Eli ba shi da zuciya. Ni ma na faɗa, ba zan wanke kaina ba. Da nasara 10 da faɗuwa 6 muka lallaɓa muka shiga sili-ɗaya-ƙwale.

In za ku ba da labarin nan, daga 29 ga Disamba za ku fara. A ranar Giants suka karɓi baƙuncin waɗannan Patriots ɗin a wasan ƙarshe na kaka. Mun riga mun samu gurbinmu, ci ko faɗuwa ba abin da zai ƙara ko ya rage mana. Al'ada a irin wannan rana ita ce koci ya ajiye manyan 'yan wasa su huta, ya zuba yara. Coughlin ya ƙi. Ya sa kowa, suka yi wasa kamar kofi ne a gabansu, har muka yi gaba da 28 da 16, kafin a ƙarshe a doke mu 38 da 35. Wasu suka fita da rauni. A daren ina cikin mota ina masifa ni kaɗai, ina cewa wane irin taurin kai ne wannan, ka karya mutanenka a kan wasan da ba riba. Yau na janye maganata a bainar jama'a. A daren ne yaran nan suka taɓa dodo da hannunsu suka ji ashe nama ne da jini. Duk sauran ƙungiyoyi tun daga ɗakin sa kaya suke faɗuwa. Namu sun fito daga wannan wasa da sanin cewa maki uku ne kawai tsakaninsu da shi.

Daga nan sai yawo a gidajen mutane. Suka je Tampa suka ci 24 da 14. Suka je Dallas, wadda ta doke mu sau biyu a bana, suka ci 21 da 17. Ranar 20 ga Janairu suka je Green Bay, sanyi ya kai digiri 18 ƙasa da sifili, fuskar Coughlin ta yi jajir kamar gauta har na ji tausayin dattijon. Mai bugun ƙafarmu Lawrence Tynes ya ɓarar da biyu a ƙarshen wasa, aka shiga ƙarin lokaci, Corey Webster ya tare jifan madugunsu Brett Favre, Tynes ɗin dai ya ruga fili ya buga ta uku daga yadi 47 ta shiga. 23 da 20.

Duk da haka ba wanda ya ɗauke mu da muhimmanci. 'Yan cacar Las Vegas, Allah ya tsare mu da sana'arsu, sun ce tazarar maki 12 za a ba mu. Da ɗan wasanmu Plaxico Burress ya ce wa 'yan jarida za mu ci 23 da 17, Brady dariya ya yi, yana mamakin wai 17 kacal aka yanka musu. Ku riƙe wannan dariya. Ko 17 ɗin bai gani ba.

A falona muka kalla, ni da uwargida da 'yan mata biyu da ɗana, sai maƙwabcina ɗan Damagaram wanda bai taɓa zama ya kalli wasan ba, shayi ne ya shigo da shi. Yaron shekararsa 14, a nan aka haife shi. Ɗan fari ne, kun san ba zan kira sunansa ba. Shi ya koya mini wasan nan, a tsakanin tallace-tallacen talabijin, shekara huɗu da suka wuce. Yana jin Hausa sarai, amma da Turanci yake mayar da amsa, kuma wannan abu ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na yi faɗa, na yi lallashi, na hana kuɗin kashewa. Gaisuwa da sunayen abinci kawai suka rage a bakinsa.

Giants suka fara da ƙwallo suka riƙe ta minti goma ba daƙiƙa ɗaya, Brady na zaune a benci yana kallo, suka ɗauki maki 3. Patriots suka rama da 7. Daga nan allo ya tsaya cak a 7 da 3 har aka shiga kashi na huɗu na wasan, wato na ƙarshe. Wanda bai san wasan ba zai ce ba abin da ya faru a wannan tsakani. A nan kuwa aka yi ainihin yaƙin. Mutanenmu na gaba, Michael Strahan da Osi Umenyiora da Justin Tuck da 'yan'uwansu, suka dinga fasa katangar da ke kare Brady. Dabarar mai tsara tsaronmu Steve Spagnuolo ba ɓoyayya ba ce. In mutum huɗu za su iya kai wa madugu, saura bakwai sai su tsaya baya su toshe hanyoyin jifa. Wuyarta samun huɗun. Mu muna da su, don a bana ba ƙungiyar da ta kai mu kayar da madugai, sau 53. A wasa 16 na kaka sau 21 aka kai Brady ƙasa. A daren Lahadi kaɗai sau biyar. Wanda bai kai faɗuwa ba ma, yana sakin ƙwallo ana dukansa.

Maƙwabcina da ya zo shan shayi ya ajiye kofi ya matso gaban talabijin. Mutumin Nijar ne, kokawa a jininsa take, duk shekara sai ya bi labarin wanda ya ɗauki takobi. Ya daina kallon ƙwallo gaba ɗaya, ƙafafun ƙartin nan yake kallo da inda suke sa hannu. Ya ce ai wannan kokawa ce aka jefa ƙwallo a tsakiya don a ruɗe mutane. Gab da hutun rabin lokaci, Patriots na matsowa inda za su iya bugun maki uku, Tuck ya zagayo ya doke ƙwallo daga hannun Brady, Umenyiora ya faɗa a kanta. Maƙwabcin nan ya miƙe tsaye ya ce, "Kaye!" Ɗana ya juyo ya tambaye ni ma'anar kalmar. Na ce abin da ka gani yanzu, shi ne kaye. Daga lokacin har aka tashi, duk sanda aka kai Brady ƙasa, yaron nan da ba ya haɗa jimlar Hausa sai ya daka tsalle yana kaye, kaye, Baba wani kayen.

Da hutu muka yi sallar isha'i. Ban ce na sa su a addu'a ba, ban kuma ce ban sa su ba.

A kashi na uku Belichick ya yi wani abu da har yanzu nake juyawa. Sun kai yadi 31 daga zangonmu, dama ta huɗu, saura yadi 13 su cika goma da abin da suka yi asara. Maimakon ya sa a gwada bugun maki uku, sai ya ce a yi jifa. Jifan ya tafi a banza. Da maki uku aka doke su. Masana za su ce tazarar ta yi wa mai bugunsu nisa. Ni dai abin da na gani shi ne mutumin da ya saba komai ya taɓa sai ya zama zinariya, har ya manta ana tsintar kwabo.

Farkon kashi na huɗu Eli ya samu David Tyree a zango, muka yi gaba 10 da 7. Tyree ɗin nan ba ya cikin waɗanda ake sayen rigarsu. Aikinsa bin ƙwallon da aka buga da ƙafa ya tare mai dawowa da ita, kuma duk kakar bana sau huɗu kacal ya cafe jifa. A Disamba ya rasa mahaifiyarsa. Murnarmu ba ta daɗe ba. Brady ya tuna shi wane ne, ya dinga gajerun jifa har bakin zango, ya miƙa wa Moss. 14 da 10, saura minti 2 da daƙiƙa 42. Wallahi Agogo na gani a karo na biyu a yini ɗaya. Na miƙe na ɗauki makullin mota, na ce gara in fita, bayan wasa ana samun fasinja. Yaron ya riƙe hannun rigata ya ce, "Baba, zauna." Da Hausa ya faɗa. Na zauna.

Yadi 83 ne a gabanmu. Aka kai wata dama ta huɗu da saura yadi ɗaya, in an kasa wasa ya ƙare, Brandon Jacobs ya sa kafaɗa ya tura ya samu. Can Eli ya yi wani jifa da ya tafi kai tsaye hannun ɗan bayansu Asante Samuel, ya yi tsalle ƙwallon ta goge yatsunsa ta fita. Da ya riƙe da yanzu ba na rubuta wannan takarda. Dama ta gaba, saura minti ɗaya da daƙiƙa 15, suka rufe Eli ruf. Jarvis Green da Richard Seymour suka damƙi rigarsa ta baya, na ga rigar tana miƙewa kamar danƙo, na riga na ce innalillahi. Alƙalin wasa Mike Carey, baƙar fata na farko da ya jagoranci alƙalancin Super Bowl, yana tsaye kusa, bai busa ba. Yaron da ake cewa ba shi da zuciya ya fizge, ya ja da baya, ya ɗaga ƙwallo sama tsakiyar fili, irin jifan da kowane koci ke hanawa. Tyree ya tashi, Rodney Harrison ya tashi tare da shi yana dukan hannunsa. Hannu ɗaya ya zame. Sai ya danne ƙwallon da ɗayan a jikin hular kwanonsa, ya faɗo da baya a kan Harrison, ƙwallon na manne da hular, ba ta taɓa ƙasa ba. Yadi 32. Falona ya yi tsit, don ba wanda ya yarda da idonsa sai da aka maimaita hoton. Uwargida, wadda ba ruwanta da wasan, ita ta fara magana, ta ce wannan uwarsa ta yi masa addu'a kafin ta tafi.

Steve Smith ya cafe wata ya cika goma a dama ta uku. Sannan Eli ya ɗaga ta kusurwar hagu, Burress shi kaɗai, ya yaudari mai tsaronsa ya bar shi a baya. Saura daƙiƙa 35. Brady ya samu dama huɗu. A ta biyu wani sabon yaro Jay Alford ya shige ta tsakiya ya ɗauke shi ya maka da ƙasa, kaye na biyar, mafi daɗinsu. Dogayen jifa biyu zuwa ga Moss suka faɗi ƙasa. Belichick ya bar fili saura daƙiƙa ɗaya a agogo.

Abin da ya faru a falona a lokacin, da a Zariya ne da an yi shekara ana ba da labarina. Ni da aka tarbiyyantar a kan kunyar ɗan fari, ban taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba, ban taɓa yabonsa yana ji ba, sai ga ni na rungume shi mun faɗa kan kujera muna ihu kamar sa'o'in juna. Maƙwabcina ya kau da kai yana dariya. Uwargida ta ce to, yau kunya ta tafi Arizona.

Yanzu duk garin nan zancen hular kwanon Tyree ake yi, ana cewa sa'a ce, wasu na cewa mu'ujiza. Akwai sa'a a ciki, ba na musu, har da ta yatsun Samuel. Amma ku yi lissafi. Ƙungiyar da ta saba cin kusan maki 37 a kowane wasa aka tsare a 14. Da sun ci ko da 28 ne, da Tyree ya kama ƙwallon nan da haƙori ma ba wanda zai tuna. Ƙartin gaban nan ne suka yi awa uku suna haƙa rijiyar, Tyree ya zo ya ɗebi ruwan. In kun tashi ba da labarin, ku ba kowa haƙƙinsa.

Na san abin da za ku ce, don an sha faɗa mini a majalisarmu ta nan: wannan ba wasanmu ba ne. Ta wani fannin gaskiya ne. Ba ina roƙon a gina fili a Kano ko Maraɗi ba. Kayan wasan tsada gare su, kuma wasa ne mai cin jiki, shi ya sa har yau takardar izinin shiga ƙungiyar makaranta da yaron ya kawo tana cikin aljihun tebur ban sa hannu ba, uwarsa na tsoron abin da zai samu kansa. Amma ku dubi wanda ya faɗa kan ƙwallon nan gab da hutu. Osi Umenyiora a Landan aka haife shi, iyayensa 'yan Najeriya ne, ya yi ƙuruciyarsa a Najeriya daga shekara 7 zuwa 14 kafin a kai shi Alabama. Sau 13 ya kayar da madugai a bana, shida a dare ɗaya ranar 30 ga Satumba a kan Philadelphia. A ranar da 'yan Najeriya 11 suka kasa da mutum 10 a Accra, wani ɗan Najeriya ya ɗaga kofi a Arizona, kuma ban ji sunansa a bakin ɗayanku ba. Kafin shi an yi Christian Okoye ɗan Inugu, wanda ya fi kowa cin yadi da gudu a kakar 1989. A kakar 2007 ga Adewale Ogunleye a Chicago, ga Nnamdi Asomugha a Oakland, ga Amobi Okoye da Houston ta ɗauka bara yana ɗan shekara 19. Sunayen duk na kudu ne, na lura. Namu yaran suna nan tafe, ina ganinsu a filayen makarantun Bronx da hular kwano, 'ya'yan mutanen Kumasi da Nima da Yamai.

Kuma ita tamaular, a Daura aka ƙirƙiro ta? Daga Ingila ta zo, da kayanta da Turancinta. Ku da magabatanku a wannan aiki kuka ɗinka mata riga. Ku kuka ba mu mai tsaron raga da bugun kusurwa da bugun tazara da satar gida, kuka ba mu bugun daga kai sai mai tsaron gida, wanda ya fi na masu abin daɗi da ma'ana. Yau tsoho a ƙauye da bai taɓa shiga aji ba yana musu a kan Arsenal da Chelsea da Hausa tsantsa, bai san ma an taɓa rasa kalmomin ba. Ita kanta kalmar zari-ruga wani mai basira ne ya zauna ya ƙera ta. Wannan aikin nake roƙon ku sake yi, don na ga abin da kalma ɗaya ta yi a falona. Shekara da shekaru ina tura wa yaron nan Hausa ta ƙofar faɗa da wa'azi tana dawowa. Ranar da ta zo masa ta ƙofar abin da yake so, da kansa ya buɗe.

Buƙatata ba ta da yawa. Kakar wasan daga Satumba take zuwa Fabrairu. Ku ba ta minti biyar a mako, ko da a ƙarshen shiri ne bayan an gama da Firimiya. In Super Bowl ya zo ku sanar da mutane lokacinsa, wajen sha biyu da rabi na dare ne a Najeriya da Nijar, sha ɗaya da rabi a Ghana, mai iya hana ido barci ya gani. Ku nemi yaranmu na nan ku yi hira da su da Hausa, ko ta karye ku bar su su ɗingisa da ita, iyayensu za su kira dangi a gida su ce a kunna rediyo. Sannan ku zauna ku daidaita kalmomin. Madugu da zango da ayari da kaye na ba ku kyauta, in kun ga waɗanda suka fi su ku sauya, ba zan ji haushi ba. Akwai wadda ta gagare mu, wato in ɗan baya ya tare jifan madugu ya cafe, irin abin da Webster ya yi wa Favre. Ni na ce tare hanya. Yaron ya ce fashi, tun da ayari ne. Uwarsa ta ce kada ta ƙara jin ana murna da fashi a gidanta. Mun bar muku hukunci.

Jiya Talata aka yi musu jerin gwano a titin Broadway, daga Battery Park zuwa fadar magajin gari, ana ta watso yankakkun takardu daga saman benaye. Rana ɗaya da zaɓen fid da gwani, Obama da Hillary Clinton na fafatawa, amma a cikin jirgin ƙasan da muka shiga ba mai zancen ƙuri'a. Na ajiye mota, na rubuta wa makaranta cewa yaro yana da uzurin iyali, Allah ya yafe mini, ai ban yi ƙarya ba. Yana sanye da riga mai lamba 72, ta Umenyiora. Muka tsaya cikin cunkoso awa uku don ganin mutane na daƙiƙa talatin. Da motar su Strahan ta zo wucewa, a tsakiyar Turawa da mutanen Dominika, yaron ya ɗaga murya ya ce kaye. Wani dattijo Bature da ke gefenmu ya tambaye shi me ya ce. Na yi shiru ina jin ɗana yana fassara wa Bature Hausa.

Gobe Alhamis Ghana za ta kara da Kamaru, mai gidan abincin nan ya aiko a ce mini ya ajiye mini kujera a gaba. Zan je, kuma na san ɓangaren da zan zauna. Ku gaishe da duk ma'aikatanku.

Naku mai sauraro,
wani direban motar haya a Bronx, New York
Laraba, 6 ga Fabrairu, 2008